Yaya babban kanti ke sayar da kaya ƙasa da farashin sari?

Tambaya: "Ina da ƙaramin shagon kayan masarufi. Tun da aka buɗe babban kanti kusa da mu nake ganin suna sayar da sukari, madara da man girki a farashin da ni ko a wurin sari ba na samunsa. Faɗuwa suke yi, ko kayan ne ba su da kyau? Doka ta yarda da haka? Kuma me ya rage wa irinmu?"

Malam, kayan lafiyarsu ƙalau. Kuma ba mamaki a kan waɗannan ukun da ka lissafa ba sa cin komai, wani lokacin ma faɗuwa suke yi da saninsu. Inda kuka rabu da su a lissafi ne. Kai kana duba ribar kowane kaya shi kaɗai: na saro a kaza, dole in sayar a kaza. Su kuwa ribar kwandon da mutum ya turo gaban mai karɓar kuɗi suke dubawa, ba ruwansu da ko sukarin da ke ciki ya kawo wani abu.

Na yi aiki a sashen sayen kaya na irin waɗannan kantuna, kuma abin da ake fara nuna wa sabon ma'aikaci shi ne wani ɗan gajeren jerin kaya. Babban kanti yakan ajiye kaya iri dubu ashirin ko talatin, amma mai saye bai haddace farashin ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ya san na madara, burodi, ƙwai, sukari, man girki, sabulun wanki, wataƙila da ƙunzugun jarirai idan yana da goyo a gida. Da waɗannan 'yan tsirarun yake yanke hukunci ko kanti na da sauƙi ko tsada. To su ne ke cikin jerin. Duk mako akwai wanda aikinsa shi ne ya zagaya kantunan abokan gasa ya rubuto farashinsu, in an ga wani ya sauke a sauke nan take, ko da an taɓa uwar kuɗi. Sauran dubban kayan, irin su batir, buroshin haƙori, kayan ƙamshi, kwalbar miya ta musamman, man gashi, ba wanda ya san nawa ya kamata su kai, a nan ake mayar da abin da aka zubar har da ƙari.

A ce kantin ya sayo man girki a 100 ya sayar a 97. Ya faɗi 3. Matar da ta zo don man nan ba za ta fita da shi kaɗai ba, ta riga ta zo, ta ɗauki kwando, za ta haɗa da abubuwa goma sha wani abu. In a cikinsu akwai shida da ake cin 25 ko 30 cikin ɗari, ukun nan ta ɓace ba a ma ji ta ba. A littafin kanti ana iya sa ta a matsayin kuɗin talla, kuma talla ce mai arha. Kamfanin Costco na Amurka ya riƙe farashin gasasshiyar kazarsa a dala 4.99 tun 2009, duk tashin da kaya suka yi, har ya gina masana'antar sarrafa kaji tasa a jihar Nebraska a 2019 don kada farashin ya motsa. A can ƙuryar kanti ake ajiye kazar, sai ka ratsa komai kafin ka isa gare ta. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Amma kada ka ɗauka duk arhar da kake gani faɗuwa ce. Mafi yawanta ba faɗuwa ba ce, kuma nan ne nake so ka tsaya da kyau, domin ƙarfin babban kanti yana wajen saye fiye da wajen sayarwa. Kai tsakaninka da masana'anta akwai babban dila, akwai ɗan sari, kowa ya ɗora nasa. Su mota ce ke tashi daga masana'anta ta sauke a sitonsu. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a gani shi ne kuɗin da ke dawowa ta baya. Farashin da ke kan takardar kaya ba shi ne ainihin abin da kantin ya biya ba. Kamfanin da ke son a sa sabon kayansa a kanta yakan biya kuɗin wuri. In yana son a ajiye shi daidai ido, ba can ƙasa wajen gwiwa ba, wani kuɗin ne. Ƙarshen layi, inda kowa ke juya kwando, hayarsa ake yi mako-mako. Garaɓasar "sayi biyu ka ɗauki na uku kyauta" sau da yawa kamfanin ne ke ɗaukar nauyinta, ba kantin ba. Sannan a ƙarshen shekara, in ciniki ya kai adadin da aka yi yarjejeniya, a mayar wa kantin wani kaso. Idan ka haɗa waɗannan, kayan da takarda ta ce 100 ƙila 88 ya tsaya musu, su sayar a 97 suna dariya, kai kuma ka saro shi a 102.

Zaman da ake yi da wakilin kamfani sau ɗaya a shekara shi ne inda ake cin kasuwar. Yana zuwa da takardunsa yana bayanin tsadar mai da tsadar kwali, jami'in sayen kaya na kantin ya saurare shi har ya gama, sannan ya juyo masa da kwamfuta ya nuna masa layin kayansa, ya ce akwai kamfanoni biyu da ke jiran wurin nan. Wakilin ya san in aka sauke kayansa daga rassa ɗari uku, injinansa za su tsaya rabin mako. Jami'in kantin kuma ya san in kayan suka bar kanta, yawancin masu saye za su miƙa hannu su ɗauki na kusa da shi. Ba a daɗe ana jayayya. Kamfanoni 'yan kaɗan ne, waɗanda mutane za su bar kanti saboda rashin kayansu, ke iya cewa a'a.

Kuɗin bayan nan yawansu ya kai su rikita lissafin kamfani gaba ɗaya. A 2014 Tesco, kanti mafi girma a Birtaniya, ya amsa cewa ya zuzuta ribarsa da kusan fam miliyan 263, kuma tushen matsalar shi ne yadda ake rubuta kuɗin da ake karɓa daga masu kawo kaya kafin lokacinsu. A Janairun 2016 jami'ar da ke sa ido kan mu'amalar manyan kantuna da masu kawo musu kaya, Christine Tacon, ta gano cewa Tesco ya riƙa jinkirta biyan su da gangan don gyara alƙalumansa.

Jinkirin biya ma wata riba ce mai zaman kanta. Kai kana kai kuɗi hannu kafin a ɗora maka katan. Babban kanti yana karɓar kaya, ya sayar cikin mako biyu ko uku, ya biya bayan wata ɗaya ko biyu. A tsakanin nan kuɗin mutane ne a hannunsa yana juyawa, har ya buɗe sabon reshe da su. Abin ya yi yawa har Tarayyar Turai ta yi doka a 2019 cewa kayan abinci masu saurin lalacewa a biya cikin kwana 30, sauran kayan abinci cikin kwana 60. Duk da haka, in ka cire albashi, haya, wuta, sanyaya kaya, sata da abin da ya lalace, ribar da ke rage wa manyan kantunan Amurka ba ta cika wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na ciniki ba. Da yawan juyi suke rayuwa. Kantin Aldi na Jamus ya kai abin maƙura: kaya iri ƙasa da dubu biyu, kusan kashi 90 cikin ɗari masu ɗauke da sunan da shi ya mallaka, a jera su a cikin kwalayensu ba sai an ɗauki mai shiryawa ba.

Batun doka kuwa ya danganta da ƙasar da kake, sai ka duba taku. Amma hanyoyin da aka bi guda biyu ne. A Amurka sayarwa ƙasa da farashin saye ba laifi ba ne a dokar tarayya sai an tabbatar da abu biyu, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tsayar a shari'ar Brooke Group a 1993: cewa farashin ya gaza abin da aka kashe, da kuma cewa akwai alama mai ƙarfi kamfanin zai mayar da asararsa ta hanyar tsauwala farashi bayan ya kori abokan gasa. Na biyun nan da wuya a iya tabbatar da shi, don haka kusan ba a cin irin wannan ƙarar. Wasu ƙasashen Turai kuma suka hana kai tsaye. A shekarar 2000 hukumar hana babakere ta Jamus ta umarci manyan kantunan Walmart, Aldi Nord da Lidl su daina sayar da kayan yau da kullum irin su madara da sukari ƙasa da yadda suka saya, don kare ƙananan 'yan kasuwa. Walmart ya tattara ya bar Jamus a 2006, ko da yake dalilansa sun fi wannan yawa.

Zan gaya maka ra'ayina ko da ba zai yi maka daɗi ba: hana faɗuwar ganganci bai cika ceton ƙaramin shago ba. Faransa ta gwada da dokar Galland ta 1996, wadda ta ce kada a sayar ƙasa da farashin da ke kan takardar kaya. Sai manyan kantuna da kamfanoni suka bar farashin takarda ya hau, kuɗin baya ya kumbura, mai saye ya biya tsada, riba ta tafi aljihun manyan. Sai da aka yi wa dokar gyara a 2005 da 2008. Ireland ta yi irin wannan doka a 1987 ta soke ta a 2006. Dokar da ta fi kusa da ciwonka ita ce irin ta Robinson-Patman, wadda Amurka ta yi a 1936 lokacin da kamfanin A&P ke da rassa kusan 15,000 yana murƙushe masu shaguna. Ita ba farashin da kanti ke sayar wa jama'a ta duba ba, cewa ta yi mai kaya kada ya sayar wa babba da arha ya tsauwala wa ƙarami a kan kaya iri ɗaya, sai in bambancin ya fito daga sauƙin kashe kuɗi na gaske. Tana nan har yau, amma tun shekarun 1980 hukumomi suka yi sanyi wajen aiki da ita. Akwai masu cewa rangwamen da kamfani ya yi wa babban kanti a kan ƙananan 'yan kasuwa yake fanshewa. Masana ba su haɗu a kan haka ba, hukumar gasa ta Birtaniya ma a bincikenta na 2008 ba ta gamsu da hujjar ba. Ni dai na ga lokutan da mai shago ya gwammace ya je babban kanti ya kwashi kayan garaɓasa ya kawo shagonsa, don sun fi na ɗan sarinsa sauƙi. Abin da ya sa kake ganin an rubuta "kada mutum ɗaya ya wuce guda uku" ke nan.

Inda ake samun rashin gaskiya na ainihi shi ne wajen ragin ƙarya. A ɗaga farashi na 'yan makonni, sannan a sauke a manna jar takarda. A Satumbar 2024 hukumar kare masu saye ta Ostireliya ta kai manyan kantunan Woolworths da Coles kotu bisa zargin haka a kan ɗaruruwan kaya: a ƙara aƙalla kashi 15 cikin ɗari na ɗan lokaci, sannan a tallata "ragi" a farashin da ya kai ko ya wuce na asali. Tarayyar Turai tun 2022 ta wajabta cewa duk wanda ya ce ya yi ragi ya auna shi da farashi mafi ƙasa da ya sayar a kwana 30 da suka wuce. Sai rage kaya a bar farashi, wanda galibi aikin masana'anta ne: cakulan Toblerone a Birtaniya ya sauka daga giram 170 zuwa 150 a 2016, aka faɗaɗa ramukan da ke tsakaninsa har abin ya zama abin dariya. Faransa daga Yulin 2024 ta tilasta wa manyan kantuna su manna sanarwa na wata biyu a kan duk kayan da aka rage wa yawa ko nauyi. Farashi mai ƙarewa da 99 ba sai na daɗe a kai ba, ido na kama lambar farko ne, kuma kai ma ba wanda ya hana ka.

Katin kwastoma ya fi waɗannan zurfi. Tesco ya fito da Clubcard a 1995, kuma abin da kanti ke saye da 'yan makin da yake bayarwa shi ne sanin wa ya sayi me, yaushe, da abin da ya daina saye. Yanzu ya koma farashi biyu a kanta ɗaya, na mai kati da na marar kati. Don adalci, hukumar gasa ta Birtaniya ta duba kaya kusan 50,000 a 2024 ta ce kashi 92 cikin ɗari ragin gaskiya ne. Sai dai ka lura, abin da suke kashe miliyoyi su sani game da mutum, kai ka san shi kyauta game da duk wanda ke shigowa shagonka.

Ƙa'idojin kanti kuma, yawancinsu zaɓi ne ba tilas ba. Karɓar kayan da mutum ya dawo da su ba tare da aibi ba, ko alkawarin "in ka samu ƙasa da haka za mu biya ka bambanci", duk dabarun kwantar da hankali ne, kuma kaɗan ne ke dawowa su nema. Kayan da suka lalace ko suka saɓa abin da aka faɗa, wannan hakki ne a dokokin ƙasashe da yawa, rubutun "ba a dawo da kaya" ba ya soke shi. In farashin da aka manna a jikin kanta ya saɓa da na na'urar biya, a dokar Ingila da ƙasashen da suka gaje ta, tun shari'ar kantin Boots ta 1953, kayan da ke kanta gayyata ce kawai, ciniki bai faɗa ba sai a wurin biya. Ke nan ba dole ne a sayar maka a farashin kuskure ba, ko da yake yaudara da farashi laifi ne daban. A Kanada kantuna da yawa sun shiga wata yarjejeniya ta ganin dama: in na'ura ta caje ka fiye da abin da aka rubuta, kayan da bai wuce dala 10 ba kyauta ne, wanda ya wuce a rage maka dala 10.

Akwai wata ƙa'idar da mai saye ba ya gani, ita kuwa ta fi karya farashi illa. Babban kanti ya kama haya a rukunin shaguna da sharaɗin kada a ba wani mai kayan abinci wuri a ginin, wani lokacin na shekaru masu yawa. Hukumar gasa ta Afirka ta Kudu ta yi bincike ta fitar da rahoto a 2019, a 2020 Shoprite ya amince ya daina amfani da sharaɗin a kan ƙananan 'yan kasuwa. Wannan a ganina shi ne wurin da ƙungiyar 'yan kasuwa ya kamata ta kai kuka, don hana mutum wuri ba gasa ba ce.

To me ya rage maka? Da farko kada ka bi su cikin ramin. In ka sauke sukari ƙasa da sari, ba ka da kaya dubu ashirin da za su ɗauke maka. Zaɓi abu biyar ko shida da masu sayenka suka fi sanin farashinsu, ka matso kusa da na kantin gwargwadon iko ko da ribar ta zama 'yar kaɗan, don kada a yi maka tambarin mai tsada. Sauran ka ci ribarka yadda ta dace. Mutum zai jure ɗan bambanci a kan abu ɗaya da yake buƙata yanzu, in ya tuna kuɗin mota, layin biya da awa guda da zai ɓata. Su kansu manyan sun san haka, shi ya sa suke buɗe ƙananan rassa a cikin unguwanni, kuma sau da yawa farashin can ya fi na babban reshensu.

Sannan ka shiga kantin da takarda da biro, ba don ka ji haushi ba. Duba abin da ba su da shi: ƙananan ƙulli da awo kaɗan-kaɗan, kayan ƙananan masu sana'a da ba za su iya biyan kuɗin wuri ba, buɗewa da sassafe ko bayan sun rufe, kai kaya har gida. Duba kuma kantarka da idon rashin tausayi. Duk abin da ya yi wata uku bai motsa ba jarinka ne ya kwanta, ka karya shi ka fitar, ka zuba kuɗin a abin da ke juyawa duk mako. Bashi makami ne da babban kanti ba shi da shi, amma shi ne kuma ya fi kashe ƙananan shaguna, domin mutum yakan kai kuɗin hannunsa babban kanti ya kawo maka na bashi. Ka sa wa kowa iyaka da ranar biya, a rubuce.

Mafi girma duka shi ne ka gyara wajen saye, tunda can aka fi ka. Edeka, wanda yau shi ne kan gaba a kasuwar kayan abinci ta Jamus, haɗakar masu ƙananan shaguna ce da suka dunƙule a 1907 don su riƙa sari tare. IGA a Amurka ta faro a 1926 don tunkarar irin su A&P, Spar kuma a Holan a 1932, kowa da shagonsa amma saye da suna ɗaya. Ba sai kun kai haka ba kafin ku ga bambanci. Masu shago goma da za su haɗa odar man girki da sabulu su tunkari babban dila kai tsaye sun tsallake hannu ɗaya, kuma suna da bakin neman a ba su kwana 14 kafin biya. Wahalar ba ta wajen dila ba ce, tana tsakaninku: wa zai riƙe kuɗi, ina za a sauke kaya, me za a yi wa wanda ya karɓi rabonsa bai biya ba. Ku fara da kaya biyu ko uku marasa lalacewa, kowa ya ajiye kuɗinsa kafin a yi oda, a raba kaya ranar da suka sauka.